RA'AYINMU: 'Yan Gwanjo Da Kasuwar Cikin Waya

Sanin kowa ne a ƙasar Daura cewa talaka ba ya fara sana'a da sabon inji. Keken ɗinki, injin markaɗe, janareto, har injin ban-ruwa da manoman rani ke kafawa a bakin madatsar Sabke, yawancinsu na hannu ne. Wasu daga Kano ake ɗauko su, wasu kuwa ta iyakar Kwangwalam suke shigowa. Masu wannan sana'a sun sha wuya lokacin da aka rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka kuma sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na 2023 ta ƙara tsadar kaya. Yanzu kuma ga kishiya ta shigo musu ta cikin waya.

Gwanjon intanet ya daɗe a duniya. A Amurka eBay ta fara shi tun 1995. A ƙasarmu an kafa Jiji a 2014, ta karɓi harkar OLX a 2019, Facebook kuma ya buɗe tasa kasuwar. Hukumar Kwastan ma ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet a 2017, ta sabunta shi a farkon 2024. Yaro na zaune a Sandamu ko Ɓaure yana iya ganin kuɗin janareto a Legas kafin dillali ya gama cewa albarka.

A ganinmu wannan alheri ne, ko da yake wasu 'yan kasuwa ba za su so jin haka ba. A da mai saye a duhu yake, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi. Wanda ribarsa ta dogara ga jahilcin mai saye, kasuwarsa ta watse, kuma ba ma yi masa kuka.

Amma akwai abin da hoto ba ya yi. Hoto ba ya tayar da inji ka ji ƙararsa, ka ga ko hayaƙinsa baƙi ne. Farashin da aka rubuta a waya bai haɗa da kuɗin mota daga Legas ba, kuma in kaya sun iso a lalace, wa za ka kama? Ita kanta Jiji tana gargaɗin masu saye kada su biya kafin su ga kaya. Gwanjon Kwastan kuwa sai mai lambar haraji da kuɗi a hannu, wanda zai iya zuwa ya kwashe abin da ya ci. Ɗan gwanjo na gari an san rumfarsa, an san gidan ubansa. Yana ɗaga wa mutum ƙafa har kaka, yana da makanikin da zai turo in inji ya ƙi tashi. Wannan ne jarinsa, kuma da shi kaɗai zai yi takara.

Saboda haka muna kira ga 'yan gwanjon Daura, Mai'adua da Zango su daina shafa wa ruɓaɓɓen inji sabon fenti. A faɗa wa mai saye aibin kaya, a rubuta rasit mai ɗauke da lambar inji, domin kayan sata ma suna yawo. A kuma ba da ko da kwana bakwai na gwaji. Mai waya ya ɗauki bidiyon inji yana aiki ya tura ta WhatsApp, ƙauyawa su gani kafin su kashe kuɗin mota.

Ku kuma 'yan'uwa, musamman zumuntar mata da ke tara adashi domin saya wa gwauruwa keken ɗinki, ku duba farashi a waya tukuna, sannan ku tafi kasuwa da tela. Ya zauna ya ɗinka ƙyalle a gabanku kafin ku ƙirga kuɗi.