Wai Taswirar Kowa Da Kowa? To Ina Garinku A Ciki?

Akwai wata magana da masu harkar kwamfuta suka daɗe suna yayatawa a tarurruka. Wai zamanin da gwamnati da sojoji kaɗai ke riƙe da taswira ya wuce, wai yanzu taswirar duniya ta kowa da kowa ce, duk wanda ya ga dama zai iya zana layinsu da masallacin unguwarsu a ciki. Magana ce mai daɗin ji kamar waƙar fim. To amma ni ina da ja, kuma ina so ka ba ni aron hankalinka, ya kai mai karatu, domin wannan "kowa da kowa" da ake faɗi, in ka bincika da kyau, babu kai a ciki, babu gyatumarka, babu dagacin ƙauyenku.

Bari mu ɗauko zancen daga tushe. A shekarar 2004 wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ya ƙirƙiro wata taswira a intanet da ake kira OpenStreetMap. Tsarinta irin na Wikipedia ne: ba ma'aikatan gwamnati ke zana ta ba, mutane ne masu aikin sa-kai, kowa ya sa abin da ya sani, kowa kuma ya ɗauka kyauta. Da girgizar ƙasa ta rugurguza Haiti a watan Janairun 2010, ɗaruruwan mutane daga ƙasashe daban-daban suka zauna gaban kwamfutocinsu, suna duba hotunan tauraron ɗan adam suna zana titunan babban birnin ƙasar, masu aikin ceto kuma suka yi amfani da zanen. Haka aka sake yi a 2014 lokacin annobar Ebola a Gini da Saliyo da Laberiya. A shekarar ce ma ƙungiyar Red Cross da ta likitocin MSF da wasunsu suka kafa shirin Missing Maps, don zana wuraren da babu su a taswira. Wannan alheri ne, ban musa ba, kuma yabon gwani ya zama dole.

Sai dai fa yabo daban, gaskiya daban. Ka buɗe wannan taswira ka leƙa wani ƙaramin gari a Jamus. Za ka ga har bencin zama na bakin titi da akwatin wasiƙa da bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya an sa su. Sannan ka dawo gida ka nemi ƙauyen da aka binne cibiyar kakanka. In ka yi sa'a ka ga ɗigo da suna a karkace, ko wasu 'yan akwatuna marasa suna. In ba ka yi sa'a ba, fili fetal, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba.

Me ya jawo haka? Ai abin a fili yake. Kafin mutum ya zana taswira sai yana da kwamfuta ko babbar waya, sai yana da kuɗin data, sai yana da wutar da zai yi caji, sai ya yi boko, sannan uwa-uba sai cikinsa a ƙoshe yake har yana da lokacin yin aikin da ba biya. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2023 mutum biliyan 2.6 ne ba sa shiga intanet, kuma a Afirka kashi 37 cikin ɗari ne kawai ke shiga. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ka gaya mini, mutumin da ke kai wayarsa shagon mai janareto ya biya a yi masa caji, shi ne zai kwana yana zana hanyar rafi don Allah da Annabi? Matar da sai ta ari wayar maigida kafin ta gaisa da 'yan'uwanta, ita ce za ta sa asibitin haihuwa a taswira? Kada ka manta, a Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu ko "Salamu alaikum". Mutanen da suka fi kowa buƙatar duniya ta san inda suke, su ne aka fi toshe wa baki.

Za a ce mini, to ai shi ya sa na nesa ke taya mu. Na ji. Amma ɗalibin da ke zaune a Landan yana kallon hoton sama, rufi kawai yake gani. Ba zai iya bambance rumbu da ɗakin amarya ba. Soron ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, sau da yawa ido ya tsallake shi. Bai san burtali ba, bai san rugar da ke nan da rani ta tashi da damina ba, bai san cewa wannan hanyar da ya zana da kyau, gulbi kan raba ta biyu daga Yuli zuwa Satumba ba. A 2021 kamfanin Google ya sa na'ura ta gano gine-gine sama da miliyan 500 a Afirka daga hotunan sama. Madalla! Amma na'ura ba ta san sunan ko ɗaya ba. Suna a bakin mai gari yake, kuma gidan da ba suna, ko an zana shi, ba a same shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba yau aka fara yi mana wannan ba, alhali ba mu kasance jahilan ƙasarmu ba. A 1824, da Bature Clapperton ya je Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi taswirar ƙasashen nan, aka buga ta a Landan a 1826. A 1851 Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano ya zana birnin da unguwanninsa. Wa ya gaya masa sunayen in ba Kanawa ba? Ilmin namu ne, alƙalamin nasu. Daga baya, tsakanin 1898 da 1906, Ingila da Faransa suka zauna a kan tebur suka ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram. Har gobe Sakkwato "Sokoto" ce a taswira, Ƙwanni "Konni", ƙofofin Kano kuwa an cire musu lanƙwasar harafinsu. Wanda ya riƙe alƙalami shi ke raɗa suna, ko da ba shi ya haifi ɗan ba.

Kada ka ɗauka wannan gardamar 'yan boko ce kawai. A wajen yaƙi da cutar shan-inna a Arewa, ma'aikatan rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, ana tsallake ƙauyuka da rugage ba tare da an sani ba. Daga wajejen 2012 aka koma haɗa hotunan sama da mutanen da ke taka ƙasa suna tambayar sunan kowane ƙauye, sai ga garuruwan da lissafi bai san da su ba. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ka lura da darasin: an sa kuɗi, an ɗauki ma'aikata, an tambayi masu gari. Garin da ba ya cikin taswira kuwa, shi ake mantawa ranar rabon rijiyar burtsatse, shi motar agaji ke wucewa ranar ambaliya.

Don haka masu shirya irin wannan aiki su daina fakewa da kalmar sa-kai. Manyan kamfanoni irin su Facebook da Microsoft da Amazon suna amfana da wannan taswira a kasuwancinsu. Su da riba, yaron unguwa da ya sha rana yana tattara sunaye da riga mai tambari da lemon kwalba? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A Kibera, unguwar talakawan Nairobi, a 2009 matasan unguwar aka koya wa aikin, aka damƙa musu na'urori suka zana unguwarsu da kansu, da famfunansu da makarantunsu. Haka ya kamata. Kuma a nemi izinin masu wuri, domin taswira wuƙa ce mai baki biyu: hanyar da ta kawo likita ita za ta iya kawo mai rusau ko ɓarawon shanu. Masu gari su ne za su ce a sa wannan, a bar wancan.

Yanzu sai in juyo kanmu, ni da kai. Mu da Allah ya hore wa waya da data, a me muke ƙarar da su? Wace jaruma ce ta fito daga gidan miji, wane jarumi ne ya yi wa wane habaici. Marubutanmu sun iya kwatanta Dubai da Landan a littafi tiryan-tiryan, amma lungunan Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai, inda aka yi cinikin littattafai da kaset ɗin da suka raya wannan sana'a, wa ya damu ya sa su a taswira da sunayensu na gaskiya? Ƙungiyoyin marubuta da na masu kallon fim suna taro kusan kowane wata. Me zai hana a ware zama ɗaya, a nemo wanda ya iya ya koyar, kowa ya sa makarantar allon unguwarsu da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar garinsu? In ka je gida da Sallah, zauna da tsofaffi ka rubuto sunayen unguwanni da fadamu da hanyoyi, ka zama hannun wanda ba shi da waya. Jami'o'inmu masu sashen nazarin ƙasa da ƙananan hukumominmu kuma, su ji kunya su sa kuɗi a wannan aiki, su biya yaran da za su yi shi.

In ba mu yi ba, wani zai yi mana, kuma zai yi shi daidai saninsa ne. Ranar da jikanka ya nemi garin kakansa ya tarar da wani suna da bai taɓa ji a gidanku ba, kada ka ce Bature ne ya cuce ka. Allah ya sa mu gane, amin.