A Ƙirga Kwamfutocin Makarantunmu Kafin a Nemi Wasu

Makalar wannan makon ta ɗan kauce wa alƙalami da takarda, amma ku yi haƙuri ku bi ni, za mu dawo gida.

Lokacin da nake karatun difloma, an tura ni sanin makamar aiki a wata makarantar sakandare da ke tsakanin Rano da Kibiya. Ɗakin kwamfutarsu abin sha'awa ne: inji arba'in a jere, kowane an lulluɓe shi da leda. Malamin Hausa ya roƙe ni in saka wa ɗalibai madannin da ke fitar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin ya gaji da ganin yaro yana son rubuta ƙafa yana rubuta kafa. Na ɗauki filash na bi su ɗaya bayan ɗaya, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Sai da na kwana uku. A nan na gano wasu ba sa tashi, wasu an zare musu kayan ciki, kuma babu mai iya cewa yaushe. Na nemi rajista, aka miƙo mini takardar da aka karɓi kayan da ita tun ranar bikin buɗewa. Iyakarta ke nan.

Ra'ayina shi ne, abin da ke kashe ɗakunan kwamfutar makarantunmu ya wuce rashin wuta. Rashin lissafi ne da rashin mai kula. Makiyayin da bai san adadin garkensa ba, yaushe zai san an yi masa sata?

Masu kula da kwamfutoci a manyan ma'aikatu sun daɗe da maganin wannan. Suna da manhaja iri biyu. Ta farko mai ƙidaya ce: tana bin duk injin da ke kan layi, ta rubuta sunansa, ƙarfinsa, irin Windows ɗin da ke kansa, da duk abin da aka loda masa. In aka zare wani abu yau, gobe rahoto zai nuna. Ta biyu mai rabawa ce: ma'aikaci yana zaune a gaban inji ɗaya, ya haɗa manhajar da yake so, ya aika ta ga sauran a lokaci guda. Aikin da ya ci mini kwana uku, kafin a sha shayi an gama. Akwai na kuɗi irin su PDQ Deploy da PDQ Inventory da Intune na kamfanin Microsoft, akwai kuma na kyauta irin su OCS Inventory da GLPI.

Me ya sa abin ya zama na gaggawa? Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron Rurum ko Tarai da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, an riga an zalunce shi, alhali makarantarsu tana da ɗakin kwamfuta a kulle. Sannan a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da ta saba bayarwa kyauta. Wane shugaban makaranta ne a yankinmu zai iya faɗin injinansa nawa ne abin ya shafa?

Na san wani zai ce, “Malam, mu da ke fama da kuɗin data?” Ai nan ne ribar take. Sau ɗaya za a sauke manhajar daga intanet, sauran rabon kuma ta wayar da ta haɗa injinan ɗakin zai bi, ba tare da an ƙona ko sisi ba.

Akwai dai tsoron da na yarda da shi. Hannun da ke gyara inji arba'in a lokaci guda, zai iya ɓata su a lokaci guda. A ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wata sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak, har jiragen sama suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Darasin a fili yake: a gwada a kan inji biyu tukuna, in sun kwana lafiya sannan a saki ga saura. Kuma makullin irin wannan aiki amana ce, ba a ba kowa.

Masu hannun ma muna da su. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana da reshe a nan Rano, ga kuma matasa masu difloma a zaune a majalisa. Duk ɗan siyasa ko ƙungiyar da za ta kawo kyautar kwamfuta, ta haɗa da albashin mutum ɗaya da zai riƙe rajista.

To, ina ruwan marubuci? A irin waɗannan ɗakuna ne ƙannenmu za su fara buga labarinsu na farko, kuma in babu madannin Hausa, da gurguwar ƙa'ida za su tashi. Sannan wa zai bayyana wa shugaban makaranta da kwamitin iyaye wannan magana da Hausar da za su gane, in ba mu ba?

Ga aikin mako: kowa ya leƙa makarantar da ya gama, ya tambayi kwamfuta nawa aka kawo, nawa ke aiki yau, wa ke riƙe da lissafin. Ku rubuto abin da kuka gani a shafi ɗaya, ba tare da cin zarafin kowa ba. Ni zan fara da tawa.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.