Wa ya ce Hausa ba ta iya ɗaukar murɗiyar sarari?



Mun gaji da jin cewa Hausa ta soyayya ce da tatsuniya, kimiyya kuwa sai da Turanci. Yawancin masu faɗin haka ko gwadawa ba su taɓa yi ba. To, mu ɗauko batu mai wuya daga fiziks mu gani.

A 1915 Einstein ya nuna cewa nauyin abu yana lanƙwasa sarari da lokaci, kuma lanƙwasar ce ke riƙe duniya tana kewaya rana. A 1922 Bafaranshe Élie Cartan ya ƙara da cewa sarari na iya murɗewa ma.

Mene ne murɗiya? Mu je fadamar Zauro. Manoma biyu za su fitar da fangalin shinkafa daga turke ɗaya. Wannan ya yi taku goma gabas, sannan goma arewa. Wancan ya fara da arewa, sannan gabas. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kusurwa ɗaya za su haɗu. In sararin na da murɗiya, sai su saɓa, fangalin ya ƙi rufuwa.

Me ke murɗa shi? Ƙananan ƙwayoyin da ake kira famiyon, irin su ilektiron, furoton da nutiron, waɗanda da su aka gina jikinmu. Kowace tana da juyi na halitta, wanda ya fito fili a lissafin Dirac na 1928. A farkon shekarun 1960 Kibble da Sciama suka haɗa zancen: nauyi ke lanƙwasawa, juyi ke murɗawa. A wannan nazari murɗiyar ba ta fita wajen abin da ya haife ta, kuma ƙanƙanuwa ce ainun, har yau ba a gano ta a gwaji ba. Sai inda abu ya cunkushe fiye da kima, kamar a farkon sararin samaniya, ake hasashen tasirinta.

Ga shi mun faɗa da Hausa, harshen bai karye ba.

Za a ce kalmomin ba su zauna ba. Haka kwamfuta ta zo baƙuwa, amfani ya zaunar da ita. Ɗaliban fiziks na jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi suna haddace waɗannan abubuwa da Turanci, su koma gida su kasa bayyana wa iyayensu. Laifin namu ne, masu alƙalami, da muka bar fagen. Kowa ya zaɓi batu ɗaya, ya fahimce shi sosai, ya rubuta shi yadda manomin Argungu zai gane.

Allah ya yi mana jagora.