Sirrin Haɗa Gishiri Da Sukari A Ruwan ORS

A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganinmu a nan Ali Kazaure da goyonta, gudawa ta galabaitar da shi. Da na miƙa mata ORS sai ta ce, "Hajiya, ni magani na zo nema, wannan ai gishiri ne da sukari." Amsar da na ba ta ita ce darasinmu na yau, tun da damina ta kankama a Jos.

Jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace tana lulluɓe da tantani siriri wanda sai an jera kusan 10,000 kafin su kai kaurin takarda. Maiƙo ne hawa biyu, kamar yadda Gorter da Grendel suka nuna a 1925 daga jajayen ƙwayoyin jini. Gishiri da sukari ba sa iya ratsa wannan maiƙo, don haka Allah Ya sanya furotin a jikin tantanin, suna aiki kamar ƙofofi.

A cikin hanji akwai ƙofar da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari. Masani Robert Crane ne ya bayyana wannan a 1960. Idan sun shiga tare, ruwa yakan bi su zuwa cikin jini. Kwalara ma ba ta rufe wannan ƙofa, shi ya sa ORS ke ceton rai.

Amma awo wajibi ne. Idan sukari ya yi yawa, kamar a lemon kwalba, sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. A haɗa ƙunshin ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. Abin da ya wuce awa 24 a zubar. A ba yaro zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa.

In ya kasa sha, ko idanu suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gida, a garzaya asibiti. Allah Ya ƙara mana lafiya.