Ɗaukar Fim A Unguwanni: A Yi Sallama Kafin A Kafa Kyamara

Sha'anin wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a birnin Kaduna. Tun a 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan, kuma daga baya irin su Usman Baba Pategi, watau Samanja, da Ƙasimu Yero suka sa jama'a ta riƙa kewaye akwatin talabijin da maraice. A 2007, sa'ad da Gwamnatin Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, masu sana'ar da yawa suka kwaso kayan aikinsu suka nufo Kaduna. A yau kuwa, ko yaron da ke da wayar hannu da abokai huɗu yana iya shirya ɗan wasan barkwanci ya sa a intanet. Wannan ci gaba ne, ba mai musun haka. Amma fa yawancin wasannin nan a titi da ƙofar gidan wani ake ɗaukarsu, kuma nan ne maganar haƙƙi ta shigo.

A ɗauki Narayi misali. Unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, maƙwabciyar Barnawa. Tana da abin da mai shirya fim ke nema: ga gidajen zamani a ɓangaren High Cost, ga gidajen haya da lunguna da 'yan shaguna a cikin tsohuwar unguwa. Sai dai layukanta da dama ƙunci gare su, kuma cike take da ma'aikata masu sammako da ɗalibai masu karatun dare. In motoci biyar na 'yan fim suka tsaya a irin wannan layi, aka tada janareta don kunna manyan fitilu, aka sa lasifika tana maimaita waƙa ɗaya sau goma har sai rawa ta yi daidai, to mai gida ba shi da hanyar fitar da motarsa, mai shago ya rasa ciniki, ɗalibi ya rufe littafi, majinyaci ya kwana ido biyu.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Kaduna ta ga tarzomar 2000 da ta 2002, kuma Ƙaramar Hukumar Chikun ta sha fama da masu garkuwa da mutane a shekarun baya. A irin wannan wuri, ihun mace da tsakar dare, ko ganin samari riƙe da bindigar roba, ba abin wasa ba ne ga wanda ba a gaya masa wasa ne ba. Jita-jita ta fi mota gudu. Kafin a ce fim ne, wani ya tsere ya bar gidansa, wani kuma ya fito da gora.

Ba a rasa dokoki ba. Hukumar kiyaye muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana ƙara na 2009. Sun raba yini biyu, rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga nan zuwa wayewar gari, sun kuma ƙayyade ƙara a gidajen zama da desibel 50 da rana, 35 da dare. Janaretan da ke ɗaukar fitilun fim ya wuce wannan iyaka da nisa. Sha'anin tsayar da mota da toshe hanya yana hannun hukumar KASTLEA ta Jihar Kaduna. Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta ce ba a tada ƙaramin jirgi maras matuƙi, irin wanda ake ɗaukar hoto daga sama da shi, sai da izni. A 2022 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ya ja kunnen masu sa kayan 'yan sanda a wasa ba tare da yarda ba. Ita kuwa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, abin da fim ya ƙunsa take dubawa, ba ruwanta da layin da aka toshe ran da aka ɗauke shi.

Matsalar ita ce dokokin a warwatse suke, kowace tana bayan ƙofarta. Matashin da ke da kuɗin aikin kwana biyu ba zai iya zaga ofisoshi biyar ba, don haka ba ya zuwa ko ɗaya. Mazaunin unguwa shi ma bai san inda zai kai kuka ba, sai ya haɗiye, ko ya fito a yi cacar baki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda ba takarda a hannun kowa, nan zauna-gari-banza ke naɗa kansu masu karɓar kuɗin ƙasa, kamar yadda masu shirya fim a Legas suka daɗe suna kokawa.

Sauran ƙasashe sun riga sun bi ta wannan hanya. A 1966 Magajin Garin New York a Amurka, John Lindsay, ya kafa ofishi guda mai ba da iznin ɗaukar fim, don ya huta da masu sana'ar yawon neman sa hannu. A Los Angeles, ofishin FilmLA ne ke tsara izni tun 1995. A can, lokacin ɗauka a unguwannin zama a ranakun aiki daga ƙarfe 7 na safe ne zuwa 10 na dare, kuma ana raba wa maƙwabta takardar sanarwa kafin a zo. Garuruwan nan biyu ba su kori fim da wannan tsari ba, hasali ma su ne cibiyoyinsa.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a yi ƙofa ɗaya, kuma a kusa da jama'a. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da tituna da layuka da tashoshin mota, don haka Ƙaramar Hukumar Chikun, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jiha, tana iya ware tebur guda mai ba da takardar izni. Takardar ta nuna rana da sa'a da layi da yawan motoci da inda za a ajiye su, da sunan mutum ɗaya wanda za a kama in an yi ɓarna. A wajabta sanar da mai unguwa da maƙwabta da ofishin 'yan sanda mafi kusa kwana biyu kafin aiki, musamman in akwai makami ko ihu ko kayan sarki a wasan. A kashe janareta da lasifika da ƙarfe 10 na dare, sai fa in maƙwabta sun amince. A kauce wa ƙofar asibiti da makaranta, da masallaci ran Juma'a, da coci ran Lahadi. A kowane hali a bar gefe guda na hanya a buɗe, gama mai naƙuda ba ta jiran darakta ya gama.

Wasu za su ce wannan wata sabuwar hanyar tatsar matasa ce, ko kuwa ƙofar tace fim ta bayan gida. Tsoron yana da tushe, kuma maganinsa yana cikin yadda za a rubuta ƙa'idar. Kuɗin ya zama kaɗan, a rubuce a bango, da rasit. A ba da amsa cikin kwana biyu. Ɗalibai da masu ɗauka da waya, waɗanda ba su toshe hanya ba su tada inji, a bar su da sanar da mai unguwa kawai. Jami'in da ke teburin kuma kada a ba shi ikon karanta labarin fim, aikinsa hanya da ƙara da lokaci.

Su ma ƙungiyoyin masu shirya fim ba sai sun jira hukuma ba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ayarin fim zai yi kwana biyu ya tashi, mazauna Narayi kuwa nan za su ci gaba da zama, kuma yadda ayarin yau ya bar su haka za su karɓi na gobe. A al'adar ƙasar nan ba a shiga gidan mutum sai da sallama, takardar izni kuwa sallama ce a rubuce. Ya rage ga hukuma ta sauƙaƙa ta, 'yan fim su neme ta, mazauna kuma su amsa da hannu biyu. Allah ya sa a gyara.