A gyara tsofaffin gidajen Agadas da ƙasa, a bar siminti

Sanin kowa ne cewa tun 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihi na duniya, da fadar Sarkin Abzin da hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27. Amma abin da ke damunmu shi ne yadda ake gyaran gidaje da shagunan tsakiyar garin. Tun bayan ambaliyar 2009 da ta rusa gidaje da dama, mutane da yawa sun ɗauka cewa yaɓen siminti da rufin kwano su ne ci gaba.

Ƴan kasuwa, ku da kanku shaida ne. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Shi ya sa ɗaki ke da sanyi da rana a watan Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kuma yake da ɗumi a daren hunturu. Kwano kuwa da hantsi ya maida shago tanderu: mai ya narke, tumatir ya lalace, mai saye ya ƙi tsayawa. Siminti a kan ƙasa kuma yana hana katanga shan iska. Damshi ya taru a ciki, wata rana yaɓen ya ɓalle da rabin katangar.

Wani zai ce sai a sa na'urar sanyaya ɗaki. To da wace wuta? Wutar Agadas da Arlit da Cirozerin daga gawayin Anu Araren take fitowa, inda kamfanin SONICHAR ke aiki da injinan da aka kunna tun farkon shekarun 1980, kuma kowa ya san yadda ake ɗauke ta a lokacin zafi. Kuɗin wutar ma daga ribar kasuwa zai fita.

Don haka duk mai gyara ya nemi magina na gargajiya. A sabunta yaɓen ƙasa kafin damina, a canza azarar da gara ta ci, a share indararo don ruwa ya sauka nesa da gindin katanga, a bar ƙananan tagogi na sama don iska mai zafi ta fita.

Muna kira ga hukumar gari da masarauta su taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da kayan aiki, su kuma sa matasa koyon sana'ar tun masu ita na raye. Allah ya sa a ji.