Koken 'Yan Asalin Abuja Ga Majalisar Dokoki Ta Ƙasa

Mai girma Shugaban Majalisar Dattawa, mai girma Kakakin Majalisar Wakilai, da sauran 'yan majalisa masu daraja,

Wannan koke ne a madadin al'ummomin da Babban Birnin Tarayya ya zo ya tarar a gidajensu: Gbagyi, Gade, Koro, Bassa, Gwandara, Ganagana, Egbura da sauransu.

Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Doka ta 6 a watan Fabrairun 1976, ta keɓe ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, iyayenmu ba su ja da ita ba. An yi musu alkawarin diyya da sabon matsuguni. Kafin a je ko'ina, a 1978, aka ce kuɗin sun yi yawa, sai wanda aiki ya biyo ta kansa za a tayar. Aka kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, na Maitama zuwa Kubwa. Saura kuwa aka bar su a ƙauyukansu, amma sashe na 297 na kundin tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar baki ɗaya. Yau manomi sai ya wayi gari ya ga an kafa turaku a tsakiyar gonar doyarsa, ko an shafa jan fenti a bangon gidan da aka haifi kakansa. In an biya shi, kuɗin shuka da bishiyoyi ne kawai.

Ranku ya daɗe, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rashin bakin magana. Sashe na 299 ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha, amma ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Ranar zaɓen gwamnoni, maƙwabtanmu na Nasarawa da Neja suna kan layi, mu muna gida. Kowace jiha tana da sanatoci uku, mu ɗaya ne, sai 'yan Majalisar Wakilai biyu. Ministan Abuja da ke rabon filayenmu naɗa shi ake yi, ƙuri'armu ba ta kawo shi ba, ba ta kuma iya sauke shi. Ƙananan hukumomi shida da muke zaɓa ba su da ta cewa a kan ƙasa.

Mun bi hanyar doka. Sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2018 cewa mun cancanci kujerar minista, sannan aka jira har 2023 kafin a naɗa Zephaniah Jisalo. Mun gode, amma kujera ɗaya ba ta share hawayen da aka fara zubarwa tun 1976. Ƙudirin ba birnin zaɓaɓɓen magajin gari kuwa ya zo gabanku a 2022, bai tsallake ba. Hoton Ladi Kwali, 'yarmu mai ginin tukwane, yana bayan takardar Naira ashirin, alhali mutanen garinsu ba su da wanda zai yi musu doka sai ku.

Don haka muna roƙonku ku gyara tsarin mulki, ku ba mu shugaban da za mu zaɓa da majalisar kanmu, ku ƙara mana kujeru a zaurukanku. Ku kuma kafa doka cewa ba za a tayar da wani ƙauye ba sai an zauna da mutanensa, an biya diyya, an gina musu inda za su koma tukuna.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, amin.